Ɗakin Ƙarshe Mai Taga

Duk unguwar Samegahashi an san Osue da abu biyu: saurin hannu wajen liƙa kwalayen ashana, da kuma harara. Tana da shekara goma sha shida ta baro ƙauye ta shigo Tokyo, tare da Okiyo, 'yar maƙwabtansu wadda Osue ta girme wa da shekara biyu. Masaƙa ɗaya ta tatse su, daga baya kowacce ta auri mai jan keken fasinja, suka tare a dogon gidan haya guda mai ɗakuna goma sha biyu a jere. Nan rabo ya bambanta. Okiyo ta samu ɗakin ƙarshe, mai taga. Osue ta samu na jikinsa, wanda rana ba ta taɓa leƙawa ba, bangonsa kullum a jiƙe.

Kada ka raina taga. Mai liƙa kwali da talgen shinkafa, rana ce jarinta. Kwalayen Okiyo kan bushe ƙarau kafin la'asar, na Osue kuwa su kwana da laima, su lanƙwashe, su yi funfuna. In wakilin masana'anta ya zo karɓa, sai ya riƙa tsince nata yana turawa gefe da ƙafa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kirkin Okiyo.

"Yaya, kawo naki mana, ga wuri nan a bakin taga," in ji Okiyo.

"Na gode, uwar masu rana. Kar na tare miki haske ki rame."

Okiyo ta yi dariya, ta zo da kanta ta kwashe. Shekara goma sha ɗaya ana haka, Osue na shanya a ranar aro, tana godiya da baki kawai. Hatta 'ya'yan Okiyo ba sa tari irin na nata. In ta ga tsummokaransu sun bushe, sai ta ji kamar daga jikinta aka zare ɗumin.

Da bazarar da kwalara ta shigo unguwa, kowa ya san dokar layi: ba a faɗa. Wanda 'yan sanda suka ɗauka zuwa rumfar killacewa, da wuya ka sake ganinsa, gara mutum ya warke ko ya mutu a kan tabarmarsa. Tomekichi, mijin Okiyo, ya kwana biyu bai fito da kekensa ba. Bangon da ya raba ɗakunan na katako ne siriri, Osue tana jin komai.

Da hantsi wani ɗan sanda ya tsaya a bakin rijiya, hankici a hanci, yana tambayar mata ko akwai mara lafiya. Kowacce ta duƙufa kan wankinta. Osue ta aje guga.

"Ni dai ban ga komai ba, yallaɓai. Sai dai kwana biyu ke nan ana ta wanke bokiti a ɗakin ƙarshe."

Daga baya ta sha gaya wa kanta cewa tsoron 'ya'yanta ne ya sa. Ƙarya take. Lokacin da maganar ke fita daga bakinta, ba fuskar yaro ko ɗaya ta gani ba, tagar ta gani.

Aka fito da Tomekichi a kan makara da ransa, yana kiran sunan matarsa. Aka barbaɗe ɗakin da farar ƙasa, aka manna takarda ruwan ɗorawa a ƙofa. Bayan kwana uku aka aiko cewa ya cika, har an ƙone gawar. Okiyo ba ta iya riƙe ɗaki da liƙin kwali kaɗai, ta ɗaure kayanta za ta koma ƙauye da yara.

Ranar tafiya ta tsaya a ƙofar Osue, goyo a baya.

"Yaya, na je wurin mai gidan hayar nan. Mutum uku ke neman ɗakin, na durƙusa na ce ke zai ba. Ya yarda."

Osue ta kasa ɗago kai daga kwanon talge.

"Ki riƙa jera kwalayen ta hagu, nan rana ta fi daɗewa. In iska ta taso ki danne da katako." Ta gyara goyo. "Abu ɗaya ne aibin tagar. Duk abin da aka faɗa a bakin rijiya, a kunnenki yake."

Osue ta jira zagi. Ta jira tofi, ko mari, wani abu dai da zai sa su zama daidai ko da sau ɗaya. Okiyo ta sunkuya ta yi mata sallama yadda ake yi wa babba, ta kama hannun 'yarta suka fita layin.

Shekara goma sha tara Osue ta yi a ɗakin ƙarshe, kwalayenta suka zama abin misali a wurin wakili. Ba ta taɓa aika saƙo ƙauye ba. In wata tsohuwar layi ta tuno Okiyo ta ce ai ba a yi mace mai zuciya irin tata ba, sai Osue ta ja tsaki, ta dangwara kwali.

"Ita ai haka take," in ji ta. "Komai sai ta fi mutum."