Maganar Malam Lin da na haɗiye

Da ana mayar da rana baya, da na mayar da wata Asabar ta shekarar da na bar dako a kasuwar Rungis, a Faransa. Ba ta taɓa fita daga raina ba.

Bayana ne ya gaza ɗaukar kaya, wani tsohon Basine a unguwar Belleville ya soka mini allurai irin na maganin gargajiyar ƙasarsu na samu sauƙi. Malam Lin muke ce masa. Da ya ga ina kawo masa mutanenmu, sai ya ɗauke ni tafinta: shi ya yi Faransanci, ni in mayar Hausa.

Ga wanda bai sani ba, a Faransa soka wa mutum waɗannan allurai aikin lokotoro ne, wato likita, da ungozoma da likitan haƙori. Takardar Malam Lin ta ƙasarsu ce, ba ta sa ya zama lokotoro a nan ba. Saiwoyin da yake ba mutane ma akwai waɗanda sai a farmasi ake sayar da su. Ya san haka, ni ma na sani, shi ya sa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ɗauka hukuma ce.

Ranar, Hajiya Rabi ta zo daga Lyon. 'Yar Maraɗi ce mai sayar da atamfa, gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, kuma tana da hawan jini. Ta dubi takardar da ke bango mai jan hatimi, ta ce, "Malam Isuhu, shi wannan lokotoro ne?"

Na tambaye shi. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce in gaya mata shi ba lokotoro ba ne a dokar ƙasar nan, kada ta bar ƙwayoyinta na asibiti, kuma ta nuna wa lokotoronta saiwoyin kafin ta dafa.

A garinmu ba a rage wa mai magani daraja a gaban maras lafiya, kada zuciyarsa ta karaya. Sai na ce, "Hajiya, ya ce ki sa yaƙini, Allah zai ba da lafiya."

Ta ce, "Duk wannan dogon zance shi ke nan?"

Na ce, "Ai Faransancinsa ne mai tsawo." Muka yi dariya.

Abin da ban tuna ba, ita ba ta haɗa maganin gida da na asibiti. Tana fara shan saiwar ta ajiye ƙwayoyin.

Bayan 'yan makonni ɗiyarta Zainabu, wadda ke karatu a jami'a, ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta gama ba. Hajiya ta faɗi, ɓarin hagu ya shanye. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon.

A asibiti, Zainabu ta tare ni a bakin ɗakin da aka kwantar da Hajiya. "Baba, lokotoro na tambaya wa ya ce ta daina magani. Idan Basinen nan ne, yau zan kai shi ƙara."

Da na yi shiru, da laifin ya hau kansa. Na ce, "Ɗiyata, cewa ya yi kada ta daina. Ni ne ban faɗa mata ba."

Ba ta zage ni ba. Ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Hajiya ta rayu, amma hannun bai dawo ba, dole ta bar kasuwa. Da na gaya wa Malam Lin, ya karɓi makullin ɗakin maganinsa da ke hannuna, bai ƙara yi wa kowa allura ta bakin tafinta ba.

Ku da kuke raka iyayenmu wurin masu magani, ku tambayi wace takarda gare su, kuma ƙasar nan ta yarda da ita ko a'a. Abin da aka ce ku faɗa, ku faɗe shi duka, ko da mai ɗaci ne. Don Allah kada ku yi irin tausayina.