Na Ce Ni Ɗan Sudan Ne, Alhali Daga Kura Nake

A wancan lokacin ni saurayi ne mai rawar kai, ɗan fari a gidan wani manomin rani, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Na raina dashen tumatir, ina ganinsa wahalar gado, na bi hanya har Allah ya kai ni Sifen da raina. Waɗanda suka riga mu zuwa sun ba mu shawarar mu yar da fasfo, kowa ya ce daga ƙasar da ake yaƙi ya fito don kada a maido shi. Ni na ɗauki Sudan, ƙasar da ban taɓa takawa ba. Aikin da na samu kuwa dashen tumatir ne a rumfunan leda. An gudu ba a tsira ba.

Wata dattijuwa ce ke koya mana Sifaniyanci ranar Lahadi, darasin farko kuma shi ne faɗin inda mutum ya fito. Na miƙe na ce, "Soy de Sudán," wato daga Sudan nake. Da muka ɗan iya magana, sai ta ce kowa ya siffanta garinsu. Ban san komai na Sudan ba, don haka na ba ta labarin ruwan kanal idan an sako shi zuwa gonakin rani, da kwandunan tumatir jere a bakin titin Zariya, da Baba tsaye cikin taɓo yana yi mini faɗan na dasa a karkace. Ta yi murmushi ta ce ashe haka Sudan take da kyau. Na zauna hawaye na zuba saboda kewar gida, ga shi ba damar in ce mata Kura ce.

A shekarata ta biyar ƙanena ya bugo waya, ya ce Baba na kwance kuma ni yake ta kira. Ba ni da fasfo, takarduna duk sun ce ni ɗan wata ƙasa ne. Sai da na yi wata huɗu ina neman shaidar abin da na musanta da bakina. Da na iso gida kabari aka nuna mini.

Na gane ƙaryar da na yi don in shiga ita ce ta hana ni fita. Ɗan'uwa mai shirin tafiya, duk wuya ka faɗi sunan garinku, domin ranar da za a kira ka gida ba ta sanarwa. Ni nawa kiran ya zo, ban samu amsawa ba.