Faifan Inna a Bangon Sito

Ni dai ban taɓa sayen zanen fenti na ratayewa a bango ba, ko kalanda kyauta ake ba mu a kasuwa. Amma a makarantar da nake koyarwa a Gadarif akwai wata malama da ta baro Khartum da iyalinta, ita ta saka ni cikin ayarin masu tara zane. Likitoci ne da 'yan kasuwa da matansu, duk ƙarshen wata sai su cika mota su tafi wurin wani mai zane, su tsaya gaban bango suna gyaɗa kai. Na bi su sau biyu, na koyi gyaɗa kan nan har na fi su iyawa.

Karo na uku aka ce kowa ya zo da baƙonsa. Na ɗauko Inna, mahaifiyata, da Gwaggo, ƙanwar babanmu da ta zo daga Basunda ta yi mana kwana biyu. Tun a mota Gwaggo ta hana kowa sakat. Ta turara tob ɗinta, wato lafayarta, har direba yana tari, ga kwanon kantun riɗi a cinya, wai ita ba ta shiga wurin mutane hannu rabbana. Na yi ta faɗa mata ba gidan biki za mu ba, ta ce to me ya sa na saka jan baki.

Wurin tsohon siton riɗi ne a bayan kasuwa. Wata matashiya mai zane, 'yar unguwarmu, ta share shi ta shafe da farar ƙasa. A bakin ƙofa ta roƙe mu abu ɗaya: a duba da ido, kada a taɓa. Wannan doka ba ta shiga kan Gwaggo ba, don a wurinta abin da ba a murza da yatsa ba, ba a gan shi ba. Ta tsaya gaban wani zane ja wur, ta karkata kai hagu, ta karkata dama, sannan ta tambayi mai zanen yaushe za ta gama shi. Wani likita ya shiga yi mata bayani da Larabcin jami'a, ta saurara tsaf, ta miƙa masa kantu. Ni da malama muka riƙe juna, dariya ta hana mu tsayawa daidai. Har Inna, da ba ta cika dariya a bainar jama'a ba, tana rufe baki da gefen tob.

Muna juyawa bango na uku dariyar ta maƙale mini.

Inna ta yi wajen shekara arba'in tana ɗinkin faifai. A unguwarmu, amaryar da ba a rufe mata abinci da faifan Inna ba, sai an tanka. Da idonta ya fara hazo, ta ɗinka wani ta sa kore a inda shuɗi ya kamata, ta bi layin ya karkace ba ta sani ba, sai da maƙwabciya ta nuna mata. Ranar ta cusa shi ƙarƙashin gado, ba ta ƙara ɗaukar basilla ba. Ni kuwa, uwar karambani, da mai zanen nan ta zo neman tsofaffin kayan gida na zaro shi na ba ta a ɓoye, a zatona fenti za ta riƙa rufewa da shi.

Ga shi nan a tsakiyar bango shi kaɗai, an haska masa fitila, mutane sun yi masa da'ira. Abin da Inna ta ɓoye shekara uku, na kawo ta da ƙafata ta same shi a gaban rabin gari.

Na ce Inna mu fita mu sha iska. Ina, Gwaggo ta riga ta ja ta, wai a ƙarshe ga abin da mutum zai gane. Inna ba ta gani sosai daga nan, sai ta matsa, ta ɗora tafin hannunta a kai. Ba wanda ya ce mata a daina. Yatsunta suka bi bakin faifan, suka gangara, suka tsaya cak a inda layin ya karkace.

Wata hajiya cikin masu tara zanen ta ce ita wannan koren da ya kauce ne ya tafi da hankalinta, ta tambaya ko an san mai aikin. Inna ta sauke hannu, ta nuna ni.

"'Yata ce. Lokacin tana koyo."

Ni da ko maɓalli ban iya dasawa ba. Nan take aka yi mini caa, ana mabruk, ana barka, ana ɗaukata hoto kusa da bango. Hajiyar ta ce lallai in ɗinka mata irinsa. Gwaggo, wadda ta san ni tun ina tsumma, ta zauna a kan buhu tana dariya har da hawaye. Na yi ta gyaɗa kai, kunya kamar in nutse, kuma na san hukuncina ke nan.

Sai da muka isa gida, na ɗora jabana, butar gahawarmu, a wuta, Inna ta kira ni a hankali.

"Ki faɗa mini tsakani da Allah. Dariya suke yi mini, ko yana da kyau?"

Na ce yana da kyau, Inna, wallahi ya fi duk abin da ke sitonsu. Na faɗa ne da gaske.

Na zuba mata gahawa a finjali, ta kurɓa. Sannan ta ce in duba saman kabad, akwai sauran kaba da ta rina a cikin leda. Na sauko da ita, na kaɗe ƙura, na zauna a gefenta na fara ware launukan, ina cewa wannan shuɗi ne, wannan kore.

"Bar faɗa mini," in ji Inna, tana laluben basilla. "Miƙo duk wanda hannunki ya kai."