Malama Inno, Uwar Ɗaliban da Ke Tsallako Iyaka

Ƙarfe bakwai ba ya samun Malama Inno a gida. Tana hawa kabu-kabu daga Argungu, ta sauka bakin fadama, ta ƙarasa da ƙafa zuwa wata firamare ta ƙauye. Ta buɗe aji uku, ta share allo, sannan ta ja benci ta zauna can baya da jan biro a hannu, domin yawancin ranaku ba ita ke gaban allo ba. Ɗaliban koyon malanta take kallo.

Ba kowane ɗalibi ake turo mata ba. 'Yan Nijar ne, yaran Doso da Dogonduci da ke zuwa karatun malanta a nan. Idan lokacin gwajin koyarwa ya yi, makarantun cikin gari sukan ce ba su da wuri. Waɗanda suka karɓe su kuwa, aiken sayen ƙosai da sharar ofis suke sa su. Shekara goma sha shida Malama Inno tana cewa a kawo mata su.

Malam Job, abokin aikinta mai koyar da aji biyar, shi ya ba ni labarin Sharifa. Yarinya ce 'yar Dogonduci, mai ƙoƙari, amma Turancinta na fita da karin Faransanci. A makonta na biyu wani jami'in duba makarantu ya shigo tana koyar da lissafi. Ya ga ta rubuta bakwai da sanda a tsakiya, kamar yadda aka koya mata a gida. Ya karɓe allin daga hannunta, ya kwaikwayi maganarta, yara suka fashe da dariya. Babban mutum mai furfura!

"Koma ki zauna," in ji shi. "Ba mu rasa malamai ba da za a kwaso muna baƙi."

Malama Inno ta miƙe daga bencinta. "Ranka ya daɗe, ajina kake ciki. In da gyara, a ofis aka yin shi, ba gaban yara ba. Wagga yarinya amana ce iyayenta sunka ba mu. Maida mata allinta."

Ya mayar, ya fita yana huci. Sharifa ta ƙarasa darasin. Da aka tashi ta ce gida za ta koma. Malama Inno ta ce, "In kinka tafi yau, gobe wa za ya tsaya gaban ɗiyan nan? Taho mu gyara darasin gobe."

Me aka saka wa Malama da shi? Takardar gargaɗi, wai ta yi wa na gaba rashin kunya. Sau biyu sunanta na ɓacewa daga jerin ƙarin girma. Wanda ya wulaƙanta baƙuwa gaban yara kuwa, ko tambayarsa ba a yi ba. Ina adalci a nan?

Da aka rufe iyaka a 2023, 'yan mata uku cikin ɗalibanta suka rasa hanyar gida. Ba wanda ya neme su. Ɗakin 'yarta ta buɗe musu, suka ci tuwon shinkafa a kwano ɗaya da iyalinta har hanya ta samu.

Watan jiya ta yi ritaya. An aika wa ofishin ilimi goron gayyatar walimar bankwana, ko masinja ba su turo ba. Amma Sharifa, wadda yanzu ke riƙe da ajinta a Dogonduci, ta yini a mota ta zo. Ta durƙusa gaban jama'a ta ce, "Inna, yara sittin gare ni, kuma ban taɓa kunyata ko guda ba. Wurinki na gani."

Malama, ke ce inuwar baƙo. Ke kika tsare mutuncin Kabi a ranar da masu manyan kujeru suka zubar da shi. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma shugabannin makarantu, zango mai zuwa wasu yaran za su tsallako da takarda a hannu. Malama Inno ba ta nan. Waye cikinku zai ce a kawo masa su?