Yatsu Biyar a Fuskar Inna

Na manta abubuwa da yawa a ƙasar nan, wasu ma da gangan na manta da su. Amma Lahadin da na kama hannun wani tsohon Bature a bakin rafi, cikin duwatsun da ke yamma da Lyon, wannan kam har ƙasa ta rufe mini ido tana nan. Shekaru sun wuce, har yanzu kamar jiya ne.

Ni ba ɗan boko ba ne. Aji uku na yi a lekol a Damagaram na gudu, na kama kabu-kabu. Moto kam, wato babur, na san shi ciki da waje. Da na zo Faransa shekara bakwai na yi a babbar kasuwar Rungis ina ɗaukar kaya, abin da na samo can bai wuce biyu ba: ciwon baya da haɗiye zagi. An kira ni da sunaye iri-iri, ina yin kamar ban ji faransanci ba. Da bayan nawa ya ƙi, muka tattara muka koma unguwar Minguettes a gefen Lyon, ni da mai ɗakina da ƴarmu guda, na samu aiki a wani garejin moto. Ƴar nan sunan mahaifiyata gare ta, Allah ya jiƙanta, shi ya sa ban taɓa kama sunanta ba. Inna nake ce mata.

A garejin na fara ganin moton tiriyal. Wani abu siriri, tanki kamar gwangwanin madara, ba wurin zama. Na ce wa patron, mai garejin, wane ɓarawo ne ya sace wa wannan sirdi? Ya ce haka ake ƙera shi, a tsaye ake tuƙawa. Ba gudu ake yi da shi ba. Duwatsu ake hawa da kututture da cikin rafi, sannu-sannu kamar hawainiya, kuma duk wasan shi ne kada ƙafarka ta taɓa ƙasa. Ka sa ƙafa, an rubuta maka laifi ɗaya. Ka faɗi, biyar. Mai ƙarancin laifi shi ya ci. Ni da na yi shekaru ina jan ƙafa cikin rairayi da fasinja biyu a baya, dariya abin ya ba ni.

Akwai wani tsohon guda da aka yar a lungu, patron ya ce in na iya tada shi nawa ne. Na tada shi. Na fara zuwa filin wani kulob ranar Lahadi, ina faɗuwa ina tashi, iyalina na zaune kan tabarma da shayi suna mini dariya. Wata rana Inna, tana shekara goma sha ɗaya, ta ce in ba ta ta gwada. Cikin wata shida ta wuce ni. Uwarta da ta fara da cewa ƴa mace a kan moto sai dai bayan ranta, ita ce ta koma mai wanke kaske, wato hular kwano, da ɗinke safar hannu. Mutanenmu na unguwar Guillotière suka yi ta tsokana: “Malam, ka rasa abin koya wa ƴarka sai hawan dutse kamar akuya?” Ina ce musu ku taɓa ganin akuya ta faɗo?

Abin da ba su sani ba, yarinyar nan a gida ba ta magana, a lekol ba ta da ƙawa, daga ɗaki sai taga. A kan moton nan kaɗai nake jin dariyarta. Shi ke nan abin da take da shi.

Tana sha huɗu kulob ya yi mata lisans na shiga gasa, aka sa ta gasar farko, muka tafi har da uwarta. Ni ne mai bin ta. Aikin mai bi shi ne ya goya jakar kayan gyara, ya tsaya saman dutse, in moto ya kuɓuce ya cafke. Tun safe jikina ba daidai ba. Na duba sarƙa sau uku, na duba birki, na tofa mata addu'a a kaske har ta ce, “Baba, ça va, mutane na kallo.” Tsorona ɗaya ne ranar, kada ta karye. Ban san ba daga dutse matsalar za ta fito ba.

An raba dajin wuri-wuri, kowane an kewaye shi da zare, shi suke kira zon, kuma kowane da alƙalinsa. A filin kulob ba alƙali, mu da kanmu muke ƙirga ƙafa da baki, don haka ban taɓa ganin yadda suke aiki ba. Na dai san akwai kati a wuyanta da ake hudawa a ƙofar fita. Zon na farko ta wuce ba ta sa ƙafa ba. Sai na ga alƙali ya dunƙule hannu ya ɗaga sama. Na ce a raina, ikon Allah, Bature ya iya jinjina. Na dunƙule nawa na mayar masa. Na biyu ma haka, na sake mayarwa, har da ɗan rusunawa. A na uku ta taɓa ƙasa sau ɗaya, matar da ke alƙalanci ta ɗaga yatsa guda, na ɗauka gargaɗi take mata, na ce ai gaskiyarta. Na huɗu aka sake jinjina. Ina tafe ƙirjina kamar zai fashe.

Na biyar cikin rafi yake. A shiga ruwa, a juya tsakanin duwatsu masu gansakuka, a hau wani dutse da ya kai mini ƙugu. Ina sama ina jira. Ta zo daidai, ta ɗaga ƙafar gaba, ta baya ta zame. Na miƙa hannu iska na kama. Ta faɗa ruwa, moto a kanta.

Ban san lokacin da na diro ba. Na ɗage moton, ta tashi sharkaf, leɓe na jini, tana ce mini ba komai. Na juya, sai na ga alƙalin wurin, wani tsoho mai farin gashin baki da hular ulu, ya ɗaga hannu, ya ware yatsu biyar, tafin yana fuskantar ƴata. Kuma bai sauke ba. Ya riƙe shi haka, fuska ba dariya, gaban jama'a.

Duk Bahaushe ya san abin da na gani. Daƙuwa ce, ba ragi. Yarinya ta faɗi tana jini, mai sunan uwata, wani ƙato ya ce mata uwarki. Zagin shekara bakwai na Rungis da na haɗiye duk ya taso mini a wuya lokaci ɗaya. Na taka ruwa na isa gare shi, da Hausa ma na ce, “Uwar wa?” Na kama wuyan hannun na murɗe shi ƙasa. Ya ja baya, takalminsa ya zame kan dutse, ya zauna daɓas cikin ruwa.

Sai na ji injuna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Dajin ya yi tsit.

“Baba, me ka yi?” in ji Inna. Muryarta ƙasa-ƙasa. “C'est cinq. Biyar yake nunawa. Na faɗi, laifi biyar ne. Mai huda kati yake nuna wa.”

“To jinjinar da suka yi miki fa?”

“Zéro ne, Baba. Babu laifi ke nan.”

Mu in za mu nuna biyar, haɗe yatsu muke yi, ba mai ware wa mutum tafi sai mai neman faɗa. Wa zai gaya mini akwai ƙasar da ake ƙirga da zagi? Amma wannan ba hujja ba ce, tsoho yana zaune cikin ruwa yana riƙe da hannu. Shugaban gasa ya zo, bai ɗaga murya ba, ya cire katin daga wuyan Inna ya sa aljihu. Ya ce mu loda moto mu tafi, za mu ji daga gare su.

Muka iso gida. A kicin mai ɗakina ta ce, “To Malam, ka rama wa Inna. Sai ka huta.” Na ce ke ba ki gani ba ne? Ta ce, “Na gani, gabana ma ya faɗi. Amma ni na ga ya yi wa mutum biyu kafin ita, kuma ba wanda ubansa ya shiga ruwa. Ido kake da shi, baki kake da shi, duk ka bar su ka sa hannu.”

Kwana huɗu sai ga wasiƙa, irin wadda ake sa hannu kafin a karɓa. Ni karatun faransanci na sunayen kayan moto ne. Dole na miƙa wa Inna. Ta tsaya tsakar ɗaki ta karanta mini da bakinta: dokar wasa ta ce abin da mai bi ya aikata, kan matuƙi yake. Za a zauna nan da sati biyu. Ana iya karɓe mata lisans, a kuma cire ta daga kulob. Ta ninke takardar ta ajiye kan tebur ta shiga ɗaki. Da ta yi kuka ko ta yi mini rashin kunya, da na fi samun sauƙi.

Sati biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kullum da yamma takan sauka ɗakin ajiya na ƙasan bene ta goge moton, ta daina. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. A gareji na ɗaura wa wani birki a juye, Allah ya sa patron ya duba kafin mai shi ya hau. Patron ya zaunar da ni ya ce ya san tsohon, magini ne da ya yi ritaya, hannun bai karye ba, targaɗe ne. Ya rubuta mini sunan ƙauyensa ya ce, ka je, kada ka jira zama.

Ranar Asabar na roƙi Inna ta raka ni, don faransancina ba zai ɗauki maganar ba. Muka same shi a lambunsa, hannu a naɗe. Bai ce mu zauna ba. Na cire hula na ce na zo ba da haƙuri, kuma ina so ya san abin da na gani ranar. Ban iya yi masa a fuska ba, sai na juya na ware wa bangon gidansa yatsu. Na ce a garinmu wannan shi ne ƙarshen zagi, ana zubar da jini a kansa.

Ya tambayi Inna me yake nufi. Ta dubi ƙasa. Yarinyar da ba ta taɓa zagi a gabana ba, ni na ja mata. Can ta ce, “Ta mère,” wato uwarka. Ta ƙara da cewa sunan kakarta gare ta, kuma kakar ta rasu ina nan ban samu zuwa jana'iza ba. Wannan ban sa ta faɗa ba. Ban ma san ta riƙe shi ba.

Tsohon ya daɗe yana kallon hannunsa mai lafiya. Ya ce, “Shekara talatin ina wannan aiki. Ashe na zagi uwar rabin yaran yankin nan, har da ɗana.” Na ɗauka an gama, har na fara sakin numfashi. Sai ya ce, “Amma ka taɓa alƙali. Ba zan ce ba a yi ba. In aka bari, gobe wani uba zai zo da dutse.” Ya juya ga Inna ya ce mata ta shiga ruwan nan da giya ta biyu, shi ya sa tayar ta zame. Ya koma kan tumatirinsa. Muka taho ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

Ranar zama aka bar mu a waje kan benci kusan awa guda. Ina jin muryar tsohon ta bango, ban gane abin da yake cewa ba. Da aka kira mu, shugaba ya ce an soke mata sakamakon ranar, amma lisans na nan. Ni kuma shekara guda ba ni ba tsallake zare, ba ni ba bin ta. Na ce na karɓa. Inna ba ta dube ni ba, sai da muka shiga mota ta ce, “Baba, sarƙar nan tana son mai.” Na tsaya gefen hanya na ɗan jima kafin in iya tuƙi.

Uwarta ce ta goya jakar shekarar nan, da zanenta da takalmin roba, ni ina bayan zare kamar baƙo. Gasa ta uku muka sake faɗawa zon ɗin tsohon. Inna ta hau wani kututture ta faɗo. Na sa hannuwana biyu cikin aljihu na riƙe. Tsohon ya nemo ni da ido cikin mutane, sannan ya ɗaga hannu biyu: uku a dama, biyu a hagu. Mai huda kati ya tsaya yana kallonsa kamar ya haukace. Har tsohon ya bar aikin alƙalanci haka yake nuna mata biyar, ita kaɗai.

Abin da na koya, a wasan nan na koye shi, da ma yana gabana ban gani ba. In ka ji za ka faɗi, sa ƙafa ƙasa, laifi ɗaya ne. Mai ƙin sa ƙafa don girman kai shi ke kwasar biyar. Da na tsaya na ce, Malam, me wannan hannu yake nufi, da kunyar minti ɗaya na sha. Ban tsaya ba, kuma ba a katina aka huda ba, a na ƴata ne. Tun daga ranar, in jinina ya hau a ƙasar mutane, ƙafa nake fara sa wa ƙasa.