Ranar da Na Kashe Mata Makirfo

Lokacin korona ina karatun digiri na biyu kan gurɓatar muhalli a Doha, ina maƙale a wani ɗaki a unguwar Matar Ƙadim. Sashenmu ya shirya taro ta intanet, aka ɗora mini kula da lokaci: kowa minti goma, wanda ya zarce in kashe masa makirfo.

Baƙuwarmu wata dattijuwa ce daga mutanen Inuit, mazauna can ƙurewar arewa cikin ƙanƙara. Wata uku tana jiran minti goman nan don ta kai wa masana kukan mutanenta.

Kafin ita, wani farfesa ɗan ƙasarmu ya hau bayanin filin ƙwallon Al Thumama da ake ginawa don gasar duniya, wai ko robar ruwa ba za a gani a ƙasa ba. Gaisuwa kaɗai ta ci minti huɗu. Ina ta kallon agogo. Sa'an mahaifina ne, ta ina zan katse shi? Da ya gama, minti uku suka rage mata kafin a tashi taron.

Ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce ƙauyensu babu masana'anta ko ɗaya, amma iska da teku na kwaso gubar wasu su jibge musu. Gubar ta shiga kifi, ta shiga kitsen dabbobin ruwan da suke ci tun kaka da kakanni, har ta kai nonon uwa. Sai ta yi shiru.

Shugaban taro ya rubuto mini, "Yalla, khalas," wato maza a rufe. Na ɗauka ta gama, na danna. Ashe a wurinsu mutum kan yi shiru kafin ya faɗi magana mai nauyi. Bakinta ya soma motsi, ba mai ji, mutane suna ta ficewa.

Har yau ina jin haushin kaina. Furfurar gida ta ɗaure mini hannu, tata kuwa ba ta hana ni komai ba.

Da muka rage mu biyu na buɗe mata, ina ta ba ta haƙuri. Ta ce, "Ɗan nan, 'yata ce ta haihu. Tambaya na zo da ita: ta shayar da jaririn, ko kar ta shayar?"

Masanan duk sun tafi cin abincin rana.