Mai Shimfiɗa Layin Dogo a Tashar Gure

A tashar motar Gure wani baƙo yana durƙushe gaban faffaɗan katako. Siriri ne, tabaransa ɗaure da zare, yatsunsa duk tabon ƙuna. Yana kafa wayoyin ƙarfe biyu a jere bisa tsinkayen ashana, yana auna tazararsu da guntun ƙarfe, kuma ba ya kallon kowa.

Aisami mai shayi ya raɗa mini, "Taswira yake yi. Dubi lanƙwasar can, kamar hanyar bariki. Ni fa jandarma zan kira."

Ni ma hankalina bai kwanta ba. Wataƙila tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai kewar aikinsa, amma me ya kawo shi garin da ba layin dogo?

Baƙon ya ɗora ɗan jirgin ƙasa na gwangwanin sardin a kan wayoyin, ya tura, sai ya kife a lanƙwasar. Ya kwantar da kunci a katakon, ya goge mahaɗar wayoyin da magagari, ya sake turawa. Jirgin ya wuce sumul.

Aisami ya matsa, salula a hannu. "Malam, ina hanyar nan ta nufa?"

Baƙon bai ɗago ba. "Ɗan ja baya, ɗan'uwa, kana zuba mini rairayi a layi."

Aisami ya ja baya, amma bai mayar da salular aljihu ba.